Abin Lura: 'Ya'yan Boris a Ƙafar Keke

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, kekuna suka fara fitowa daga inda aka jingine su. Wanda ya shekara goma a rataye a zaure, da wanda kaji suka mayar wurin kwana a bayan rumbu, duk an kakkaɓe su an hau. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haye 1,000. A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi kuwa, babur ya riga ya fara yi wa mai shi nauyi tun kafin nan. A 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Bello Masari ta jihar Katsina ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa uku a kan babur, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. To, sai keke ya dawo da martabarsa. Mai lambu a bakin dam ɗin Zobe ya ɗaura kwandon tumatir a kariya, masunci ya ɗauro kifinsa, ɗalibin Kwalejin Isa Kaita ya taka zuwa lacca, malamin firamare da ke kwana a Kurfi yana koyarwa wajen Birchi ko Tsauri ya huta da lissafin kuɗin mai.

Duk wanda ya fito da tsohon keke, abin da ido ke gani yake fara gyarawa. A sake taya da tub, a ɗaure birki, a ɗiga wa kaca mai, in da sauran canji a sayi sabon sirdi har da ƙararrawa. Akwai wuri ɗaya da kusan ba mai buɗewa, alhali a kansa nauyin mahayi da na kaya duk yake sauka. Ita ce cibiyar ƙafa, wadda masu gyara ke ce wa hob, inda wayoyin ƙafa suka taru a tsakiya.

Abin da ke cikinta ba shi da yawa. Akwai aksil, sandar ƙarfen da aka ɗaure a jikin keke, ba ta juyawa. A kowane gefenta an murɗa kon, ɗan ƙarfe mai siririn baki da faɗin gindi. A jikin cibiyar kuma akwai kofi, wani ɗan lotso mai santsi, shi ma ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tsakanin kon da kofi 'ya'yan boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ke zagayawa cikin giris. A ƙafar gaba galibi goma-goma ne, ƙanana, kaurin kowanne bai cika milimita 5 ba. A ƙafar baya tara-tara ne, masu rubu'in inci, wato milimita 6 da ɗoriya. Ka zube su duka, ba su cika tafin hannun yaro ba. Kuma ba tare suke ɗaukar nauyin ba. Waɗanda suka zagayo ƙasan aksil a wannan lokacin, uku ko huɗu a kowane gefe, su ke riƙe da buhun masara da mai buhun, kafin su wuce su ba na bayansu wuri. Ƙafar babban keke irin Raleigh ko Phoenix ko Hero, mai inci 28, tana cin mita biyu da 'yan kai a juyi guda, saboda haka wajen juyi 450 take yi a kowace kilomita. Wanda ya yi kilomita 20 zuwa kasuwa da dawowa ya juya ta sau 9,000, kuma gobe ma haka.

Ƙasarmu ba ta tausayin boris. Da hunturu ƙura ce mai laushi, tana bi ta bakin murfin cibiya ta shige, musamman in murfin ya lanƙwashe ko ya faɗi a hanya, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ta gauraya da giris, abin da aka sa don santsi ya koma abin wasa ƙarfe. Da damina kuma ruwa ne: a tsallake rafi da keke, ko yara su tura shi bakin dam su wanke shi fes har ruwa ya rufe cibiya. Daga waje yana walƙiya, daga ciki tsatsa ta kama.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne ɓarnar nan tana da tsari, ba ta tsallake layi. Giris ne ke fara mutuwa, ya bushe ko ya yi baƙi. Daga nan 'ya'yan boris su dushe, su fara ƙuraje. Sai kon ya biyo baya, kuma da dalilin da ya sa yake riga kofi ciwuwa: shi ba ya juyawa, don haka kullum gefensa na ƙasa ne ke shan nauyi a wuri guda, shi kuwa kofi yana zagayawa, cin yana rarrabuwa a duk jikinsa. Kofi ne na ƙarshe. To, ka duba farashinsu, za ka ga a jere suke daidai da wannan layi. Giris da 'ya'yan boris kuɗin shayi da burodi ne. Kon ya ɗan fi su, amma ana samunsa a teburin mai kayan keke, a kwance tsoho a murɗa sabo. Kofi kuwa a matse yake a jikin cibiya. In ya ci, yawanci sai dai a sayi wata cibiyar, a kwance wayoyi talatin da wani abu ko arba'in ɗaya bayan ɗaya, a sake saƙa ƙafar, a daidaita ta. Aikin yini ne, kuma ba kowane mai gyara ya iya saƙa ƙafa ta fito sak ba. Keke yana ba mai shi dama uku masu araha kafin ya kai shi ga mai tsada.

Yadda ake zubar da damar nan kuwa, kowa ya taɓa zama a gindin bedi wajen mai gyaran keke ya gani. Saurayi zai iso da buhun tattasai a baya, gumi na zuba.

"Baba, ƙafar nan ce ke 'yar rawa. A ɗan ɗaure man ita, sauri nike."

Tsohon ba zai ce komai ba tukuna. Zai ɗaga gaban keken, ya murza ƙafar, ya dafa fok, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba, da yatsa biyu. Ba kunne yake sa wa ba, a hannu yake jin gurnanin, wani gurr-gurr da ke bin ƙarfe yana hawowa.

"Ɗana, wannan ba ɗauri take so ba. Buɗewa take so. Boris ya ci."

"Haba Baba, kai dai ɗaure. In na saida kayan nan sai in dawo."

"To, kekenka ne."

Sai ya sa sifana ya matse kon. Rawa ta tsaya nan take, saurayi ya miƙa 'yan canji ya hau yana jin daɗi. Abin da aka yi a gaskiya shi ne an danna 'ya'yan boris masu ƙuraje a kan kon mai rami, an kuma danna su a kan kofin da ya rage da lafiyarsa. Bayan sati biyu rawar ta dawo, a sake matsewa. Ranar da ya dawo don a buɗe, 'ya'yan boris ɗin sun farfashe, kofi ya zama turmi. Ban ga laifin tsohon ba. Ya faɗi gaskiya sau ɗaya, kuma in ya ƙi ɗaurewa akwai wani mai sifana a gaba kaɗan.

Alhali aikin da ake gudu ɗin, mutum na iya yinsa a tsakar gidansa tsakanin la'asar da magariba. Abu na farko, a shimfiɗa buhu ko tsumma mai faɗi, a ajiye tire a kai, don ɗan boris in ya faɗa cikin yashi sai dai kaza ta tsince shi. A kife keken a kan sirdi da hannu, a kwance ƙafar. Ana buƙatar sifana biyu, ɗaya siririya da za ta shiga bakin kon, ɗaya ta notin kulle da ke bayansa. Siririyar ita ce ba kowa ke da ita ba; wasu tsohuwar sifana suke kai wa mai walda ya wasa ta ta sirance. Gefe ɗaya kawai ake kwancewa, a ƙafar baya gefen da babu kaca, a bar ɗayan a kulle yadda yake don aksil ya koma mazauninsa ba tare da an yi ta awo ba. Duk abin da aka cire a jera shi yadda ya fito, noti, washa, kon. Sannan a zare aksil a hankali, tafin hannu na tare da bakin cibiyar.

A nan sai a ƙirga. Nawa suka fito daga dama, nawa daga hagu? A ware guda ɗaya a ƙulle a leda, shi za a je da shi wajen mai kaya, don ido ba ya bambance mai milimita 5 da wanda ya ɗara shi da kaɗan, amma kofi yana bambancewa. Sauran kayan a jiƙa su a kananzir a goge da tsumma har ƙarfe ya fito. Fetur ma yana wankewa, sai dai a gidan da murhu ke ci a gefe, yara na kai da kawowa, ba abin kusanta ba ne.

In kon ya bushe, za a ga wani siririn layi mai sheƙi ya zagaye shi, hanyar da boris ke bi. Layin nan ba laifi ba ne in yana da santsi. A ɗauki biro a bi shi da bakinta a hankali. In ta wuce sumul, kon na da sauran rai. In ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya, akwai rami, kuma sabon boris da aka ɗora a kan rami ba ya daɗewa. Haka za a yi wa kofi. Aksil kuma a mirgina shi a kan tebur mai shafaffen kai ko gilashi. In yana ɗingishi ya lanƙwashe, abin da ya zama ruwan dare ga ƙafar baya ta keken da ke dakon jarkokin ruwa, kuma babu ɗaurin da zai daidaita ƙafa a kan karkataccen aksil.

Akwai tattalin da ba tattali ba ne, kuma shi ya fi yawa: a zaɓi biyu ko uku da suka fi muni a canza, a mayar da sauran. Tsofaffin sun riga sun ragu, ko da ido bai gani ba. Sabon da aka jefa cikinsu ya fi su kauri, don haka duk lokacin da ya zagayo ƙasa shi kaɗai zai ɗauki kayan da ya kamata a raba, ya ci kansa ya ci kon. A canza su duka, kuma daga ƙulli ɗaya. Wajen saye ma a lura, akwai masu taushin ƙarfe da ke zuwa da arha, wata guda sun baje. Araha ba ta ado.

Sai giris. A cika kofi da shi, a dasa 'ya'yan boris ɗaya-ɗaya, shi zai riƙe su kada su zubo. In an gama jerawa za a ga ɗan gurbi ya rage, wani lokaci har kamar zai ci ƙarin guda. Kada a cusa. Gurbin nan da gangan aka bar shi, don su sami wurin juyawa ba tare da sun goge juna ba. Game da baƙin mai da ake roƙowa wajen makanikai a tsiyaya a cibiya, wannan man ya gama aikinsa a cikin inji, ɗauke yake da garin ƙarfe, ga shi ba ya zama, kwana kaɗan ya tsiyaye ya bar ƙura manne. Shi giris mai ne da aka daskarar da wani irin sabulu don ya tsaya inda aka sa shi. Ƙaramin gwangwani ɗaya zai yi wa kekunan gida duka, har a sam wa maƙwabci.

Ɗaurin ƙarshe shi ne inda haƙuri ke aiki. A murɗa kon da yatsa har ya taɓa boris, a ɗan sassauta kaɗan, a riƙe shi da siririyar sifana a matse notin kulle a kansa. Sau da yawa matse notin kan ƙara danna kon, sai an kwance an sake, wataƙila har sau uku. Alamar an dace ita ce aksil na juyawa a yatsa ba gargada, kuma in an girgiza shi ba ya ƙwas-ƙwas. In an mayar da ƙafar, a kawo bawul sama-sama a saki. Ƙafar da ta ɗauru daidai, nauyin bawul kaɗai ya isa ya juyo da ita ƙasa, ta yi lilo kaɗan kafin ta tsaya. Masu tsohon Raleigh na gado su kula da abu ɗaya: cibiyar gabansa ba ta da notin kulle, kon ɗaya a kafe yake, ɗaya ake murɗawa, kuma wanda ake murɗawar dole ya kasance a hagu. In aka juya ƙafar aka sa shi a dama, tafiya da kanta za ta riƙa matse shi har ya murƙushe boris.

Kada ƙanƙantar abin nan ta sa a raina shi. A 1869 wani mai gyaran keke a birnin Faris, Jules Suriray, ya yi rajistar irin nasa boris, kuma keken da aka sa wa shi ne James Moore ya ci tseren Faris zuwa garin Rouen da shi a watan Nuwamba na shekarar. Wahalar a lokacin ita ce samun ƙwallayen ƙarfe masu girma ɗaya, sai a 1883 Friedrich Fischer ya ƙera injin wasa su a garin Schweinfurt na Jamus. Shekara 60 bayan haka, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta lissafa cewa jirgi da tanka da motar Hitler duk a kan boris suke tafiya, ta tura jiragen yaƙi su rushe masana'antun garin har sau biyu a 1943. A harin 14 ga Oktoba kaɗai ta rasa jirage 60. Manyan janar-janar sun yarda su yi wannan asara saboda abin da mu muke bari ya ruɓe don ƙyashin kuɗin shayi.

Mu nan ba sai mun je Jamus neman misali ba, ga Zobe a gabanmu. An gama dam ɗin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan kogin Karaɗuwa: bango mai tsawon kusan kilomita uku, an tsara zai shayar da kadada wajen 8,000 ya kuma kai ruwan sha Katsina. Babban aikin, mai tsada, wanda ake gani daga nesa, an yi shi. Abin da zai ɗauki ruwan daga tafki ya kai shi gona da famfo, wato magudanai da bututu da injina, shi aka bari, gwamnati na zuwa tana wucewa, kowace ta ɗan taɓa ta tafi. Sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe. Yaron da aka haifa shekarar da aka gama bangon ya kusa arba'in ranar da aka yanka kyallen. Kuma ko yanzu, amfanin wurin ya rataya ne a kan abubuwan da ba a kiran 'yan jarida dominsu: a duba inji kan lokaci, a canza abin da ya ci tun yana ƙarami, a yashe magudana kafin ta toshe.

Na lura hali ɗaya ne daga kan mai keke har mai ofis. Muna girmama saye, muna girmama gini, amma kula da abin da aka riga aka mallaka ba mu ɗauke shi aikin da ake yabo ba. Ba a yi wa mutum barka don ya sa giris. In abu ya fara rawa, abin da muke nema shi ne wanda zai tsayar da rawar yau, ko da kuwa ciwon zai ƙara nutsawa ciki. Ka zaga ƙauyukan Makera ko Wurma ko Karofi, ko duk inda ka ga dama a jihar nan, ka tambayi tarihin famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu. Da wuya ka ji an ce rana ɗaya ya tsaya. Hannunsa ne ya fara rawa, don da yawansu shi ma a kan boris yake juyawa, aka ɗaure da waya, aka ci gaba da bugawa, har abin da ke ƙasa ya karye, gari ya koma jiran ɗan siyasa.

Za a ce talauci ne, wanda bai ci ba ina ya ga kuɗin giris. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Mai tattasan nan da gaske sauri yake, in rana ta yi wa kayansa ya yi asara, kuma abin da ke aljihunsa na cefane ne. Sai dai lissafin bai goyi bayansa ba. Mai kuɗi in ƙafa ta lalace sabuwa zai saya ya manta. Wanda ba shi da hali shi ne zai jingine keken wata biyu yana tara kuɗin cibiya, yana biyan ɗan acaɓa ya kai masa kaya kasuwa a farashin fetur na yau. Shi ya fi kowa buƙatar ya tare ɓarnar tun tana kan giris. Kuma irin wannan tsohuwar cibiya mai kon da kofi, ai don irinsa aka yi ta. Wasu kekunan zamani da 'yan gwanjo ke kawowa boris ɗinsu a rufe yake cikin zobe, ba a daidaita shi, in ya ci sai a nemo lambarsa a buga sabo. Tamu kuwa da sifana biyu da tsumma ake rayar da ita, shi ya sa har yau ake ganin Raleigh ɗin da kaka ya hau jika na zuwa gona da shi.

Lokacin da ya fi dacewa a buɗe shi ne in damina ta ɗauke, kafin a fara jigilar amfanin gona. Mai dakon kaya kullum ya ƙara da wata buɗewar bayan hunturu. Kai mai karatu, in akwai keke a gidanku, ɗaga ƙafar gaba yau, ka kama taya ka girgiza ta dama da hagu, sannan ka murza ta ka dafa fok. In ka ji ƙwas-ƙwas ko gurnani, kada ka ce a ɗaure maka. Shimfiɗa buhu ka buɗe, ka kira yaron gidan ya riƙe maka tire ya ga yadda ake yi.